Ranar da Aka Yi Mani Fatiha Ina Zaune

Kafin kowa ya ji labarin nan a bakin Sodangi, gara ya ji shi a bakina, don shi in ya tashi ba da shi sai ya cire duk wuraren da na nuna basira. Ni ne Babba na Kankia. Sunana na yanka Hussaini, amma rabon da wani ya kira ni da shi tun malamin ajinmu na firamare, kuma dalilin haka shi ne rabin labarin.

Kakanmu Malam Hussaini mutumin Kusada ne, Allah ya jiƙanshi. Ya bar zuriya mai yawa, kuma duk ɗanshi da ya samu ɗa namiji sai ya mayar da sunan tsoho. Jikoki suka taso, su ma suka ɗora. To suna ne da ba ya faɗuwa a gidanmu. 'Ya'ya ba su faɗin sunan uba, matan gida kuwa ko a rediyo aka ambace shi sai sun sunkuyar da kai. Shi ya sa kowane Hussaini yake yawo da laƙabi. Ni Babba. Akwai Abba na Kunduru, akwai Magaji, akwai Tsoho, akwai Dattijo, akwai Mai Sunan Malam, har da wani jariri da ake ce ma Alhaji tun ba a yaye shi ba.

Duk shekara bayan ƙaramar Sallah zuriyar takan taru a babban gida a Kusada. A yanka sa, a karanta salsala tun daga Malam har zuwa jaririn ƙarshe, don yara su san wanda za su durƙusa ma da wanda za su tsokana. Mai riƙon salsalar shi ke zama a darduma ɗaya da Baffa Jaji, ɗan Malam guda da ya rage a raye, kuma shi ake ba tozon san. Ba ni na ƙirƙiro wannan al'ada ba. Na same ta ne, na ga ta dace da ni.

Da can riƙon yana hannun Sodangi, ɗan goggona, wato taubashina, tsohon malamin dabbobi a Kusada. Da ka yake karantowa, yana tsallake duk wanda ba su shiri. Wata shekara na zo da laftof ɗina, na buɗe a gaban jama'a, na ce a faɗi sunan wanda aka ga dama. Aka faɗa, na danna, uwa da uba suka fito. Na sanar cewa mutum yana mantuwa, yana son zuciya, amma kwamfuta ba ta ƙarya. Baffa Jaji ya leƙa akwatin, ya leƙa Sodangi, ya ce a matsa mani a darduma. Tun daga ranar nan tozo ya koma Kankia, kuma duk shekara sai na maimaita masu wannan magana ta rashin ƙarya, don kada a manta dalili.

Bana da azumi ya kama, laftof ta fara nawa. In na kunna ta bayan la'asar sai an kusa shan ruwa take gama buɗe ido. Na kai ta wurin Bishir mai gyaran waya da kwamfuta a bakin tasha. Ya duba, ya ce babbar manhajar da ke tuƙa ta, wato Windows ɗin da ta zo da shi, ya yi mata nauyi yanzu, amma akwai wata da ake ce ma Linux, marar nauyi, kuma kyauta ce. Ya ci gaba da wasu bayanai masu tsawo. Ni dai daga kalmar kyauta ban ƙara jin komai ba.

Ya ce in bar mashi ita ya canza, ya kuma duba ko manhajar rumbun bayanan da nake ajiye zuriya a ciki za ta zauna a sabon gida. Na tuna mashi cewa lokacin da na fara taɓa kwamfuta shi ana goya shi. Na ce ya ba ni abin a filas kawai, ɗan abin nan da ake soka ma kwamfuta a kwashe bayanai.

Da yamma bayan shan ruwa na sanar a teburin Audi mai shayi cewa zan canza ma kwamfutata ƙwaƙwalwa da hannuna, ba tare da na kashe ko sisi ba. Audi ya tsaya da jifan shayi tsakanin kofi biyu, ya tambaya ko bayan an canza mata ƙwaƙwalwar za ta gane mutane. Na ce za ta gane su fiye da yadda shi yake gane masu shan shayinshi. Aka yi dariya, na karɓa a matsayin yabo.

Aikin ya tafi daidai, wannan kuma Sodangi ba ya faɗa. Na kwashe sunayen zuriya kaf a filas, na share tsohuwar ƙwaƙwalwa, na zuba sabuwa. Laftof ta tashi kamar an yi mata allura. Na kira mai ɗakina Ummusalma ta zo ta ga gudu. Ta gani, ta ce madalla, sai in nuna mata dangi.

Na nemi manhajar da nake buɗe dangi da ita, babu. Na ɗauko faifanta na da, na sa, sabuwar ƙwaƙwalwa ta dube shi kamar an miƙo mata faifan tuwo. Na buɗe filas, sunaye suka fito a jere kamar buhunan gyaɗa a sito, kowa yana nan amma ba mai riƙe da hannun ubanshi. Ummusalma ta tambaya ko wannan ne gane mutanen da na yi ma Audi alkawari. Ban san yadda magana take riga mutum isowa gida ba.

Na ce mata abu ne mai sauƙi, manhajar rumbun bayanai cike take da intanet, sai wadda mutum ya zaɓa. Matsalar dai a gidanmu intanet ba ta sauka ƙasa, sai a kan soro. Don haka unguwa ta wayi gari ta gan ni a saman soro da laftof a cinya da hula a kai. Masu wucewa suka riƙa tambayar ko wata nake dubawa tun azumi bai yi nisa ba. Maƙwabcina ya aiko a ce mani in zan daɗe a sama in riƙa yin gyaran murya, iyalinshi suna tsakar gida.

Manhajar farko da na samu kyakkyawa ce, ba abin da ba ta yi. Da na gangara wurin farashi sai na ga ba ma sayarwa suke ba, haya suke bayarwa, duk wata, kuma da dala. Na rufe. Kakana bai taɓa zaman haya ba yana raye, ba zai fara ba yana kabari.

Ta biyu ta ce kyauta ce. Na sauke, na zuba mata zuriya, ta karɓa tana murna, sai a tsakiyar gidan Baffa Jaji ta tsaya cak. Ta ce kyautarta mutum ɗari ce, daga nan sai a biya. Na zauna na yi nazari irin na manya. Zuriya ai ba duka ce ke zuwa taro ba. Akwai reshen Rimaye da ba a ganinsu sai ranar rabon nama. Na kira Sodangi a waya, muka gaisa, na tambaye shi a fakaice ko ya tabbata mutanen Rimaye namu ne.

Sai ya ce, “Babba, halan akwatin ya cika?”

Na ce bincike nake yi na ilimi. Ya ce to, Allah ya ba da ilimi mai amfani, ya kashe waya. Na san wannan addu'ar. Ba ta alheri ba ce.

Ta uku Bishir ne ya nuna mani, da na biya ta shagonshi kamar zan sayi caja. Ya ce kyauta ce ta gaske, ba iyaka, manyan ma'aikatu ma da ita suke aiki, sai dai tana son a zauna a gina mata fuska, wato maɓallan da mutum zai riƙa dannawa, kuma in na kawo zai yi mani a yini guda. Na ce sunanta kawai nake so. Na hau soro na sauke ta. Da na buɗe sai baƙin allo, ba hoto, ba maɓalli, sai wani ɗan layi yana ƙyafta mani ido. Na rubuta mata da Turanci mai kyau cewa ta fito da zuriyar Malam Hussaini. Ta ba ni amsa layi ɗaya. Na sake tsara maganar da ladabi, ta ba ni layin nan dai. Na yi mata tsawa da manyan baƙaƙe, ba ta canza ba. Ummusalma da ta hawo kwashe shanyar kuɓewa ta leƙa, ta ce yau dai na samu mai ba ni amsa irin wadda nake ba ta in ta ce a gyara ƙofar kicin.

Ana cikin haka sai ga Sodangi a bayan ɗan kabu-kabu, wai ya shigo Kankia sayen maganin kaji ya ce bari ya gaida ɗan kawunshi. Bai shiga gida ba. Ya tsaya a titi, ya ɗaga kai yana kare rana da hannu, yadda duk unguwa za ta ji.

Ya ce, “Sannu da hawa. In ce ko kakannin namu suna nan lahiya?”

Na ce suna nan ƙalau, sun koma sabon gida ne, ana fenti.

“To a gaishe su. Ka ce masu in gidan bai yi ba, ɗakinsu na da yana nan.” Ya buga goshinshi da yatsa.

Na ce mashi ɗakin nan yana yoyo, shi ya sa aka kwashe su. Ya ce ko yana yoyo bai taɓa neman a kore mutanen Rimaye ba. Ya hau babur ya tafi, ya bar ni da maƙwabta suna tambayar me mutanen Rimaye suka yi.

Ta huɗu ita ce ta zo kamar an aiko ta. Wata ƙungiya ce a wata ƙasa ta yi ta don masu kiwon shanu, su riƙa bin asalin dabbobinsu. Kyauta, ba iyaka, tana zama a Linux lafiya lau, ga maɓallai manya-manya. Na duba abin da take tambaya: suna, uba, uwa, ranar haihuwa, inda ake zaune, ranar mutuwa. Na ce to me ya rage? Ɗan Adam ma in ya je asibiti abin da ake tambayarshi ke nan. Wanda bai da zurfin tunani zai ga shanu ya juya. Ni na ga salsala.

Aibinta guda, akwai hoton kan saniya a kusurwar sama, da ƙaho da komai, kuma ba ya gogewa. Na yanko baƙin salatif na manna a kan gilashin laftof daidai wurin. Saniya ta ɓace. Na daɗe ina kallon wannan dabara.

Da na zo zuba sunaye sai ta ce suna ɗaya kawai take karɓa ga kowane rai. Na ba ta na yanka, don salsala ba wurin wasa ba ce. Ta ɗan yi tunani, ta fito da wani dogon saƙo, wai ta ga suna yana ta maimaituwa, shin a haɗe? Ni mutum ne mai son tsabta a aiki, ba na son maimaici. Na danna e. Nan take komai ya zauna, layuka suka miƙe daga uwa zuwa ɗa. Na lura jimillar ta ɗan ragu, na gane cewa sabuwar fasaha ce, tana matse abu ya yi ƙarami ba tare da ya zube ba. Akwai wurin sa hoto, amma ba lokacin bin mutane ana ɗauka. Na sa nawa kawai, wanda na ɗauka da babbar riga ruwan toka, don a ga misali.

Na koma teburin Audi na sanar cewa bana ba leƙen laftof za a yi ba. Zan ari babbar talabijin ta gidan kallon ƙwallo, kowa ya ga kakanshi da girman ƙofa. Audi ya tambaya ko na gwada. Na ce wanda bai yarda da aikinshi ba shi ke gwaji.

Ranar taro muka tashi da babura biyu, ɗaya ni da laftof, ɗaya talabijin an naɗe ta da bargo kamar marar lafiya. Muka isa Kusada an riga an kayar da sa, ana fiɗa. Na hango tozon a cikin tasa, an ware shi gefe, ya kai girman kan yaro. Na gaida shi da ido. Maza sun cika rumfa, mata suna bayan zana inda suke ji suna gani ta tsakankani. Na durƙusa na gaida Baffa Jaji, ya ce, “Babana, an iso?” don haka yake kirana, tun da sunan mahaifinshi gare ni. Na hau darduma. Sodangi yana can layi na biyu a tabarma, inda ya dace da shi.

Aka tayar da janareta, aka haɗa waya. Na yi gajeren jawabi kan tafiya da zamani, na rufe da cewa kwamfuta ba ta ƙarya. Na danna.

Kan saniya ya fito a talabijin, ya kai faifai, yana kallon zuriyar Malam Hussaini. Na dubi laftof, salatif yana nan inda na manna shi. Har yau ina ganin wannan ha'inci ne, abu ya ɓuya a gabanka ya je ya bayyana a gaban surukanka.

Baffa Jaji ya tambaya saniyar wa ce. Na ce alama ce na sa don girmama san da aka yanka yau. Ya ce san da aka yanka baƙi ne, amma ba komai, a ci gaba. Na ga Sodangi ya laluba aljihu ya fito da tabarau, ya goge da bakin riga, ya sa. Ya miƙe ya ce tun da rubutun na Turanci ne, kuma iyayenmu mata suna bayan zana, zai taimaka da fassara don Allah. Na ce ba a buƙata. Baffa ya ce a bar shi ya samu lada.

Sodangi ya matso, ya karanta layin sama da murya irin ta mai sanarwa. Ya ce an rubuta garken Malam. Na ce a harshen kwamfuta haka ake ce ma zuriya. Ya ce ƙwarai, shi ma shekara da shekaru da wannan harshen ya ci abinci. Ya gangara layi na biyu, wanda ke ƙyaftawa da ja, ya ce kwamfuta tana gargaɗi cewa duk garken nan ba wanda aka yi ma rigakafin ciwon huhu. Wani tsoho a baya ya ce shi an yi mashi a Makka. Aka ce ya yi shiru.

Na yi sauri na ce a faɗi suna, a ga aiki. Sodangi ya ce ai da babba ake farawa. Na danna sunan Baffa Jaji. Uwa ta fito daidai, ranar haihuwa daidai, na dubi jama'a don su shaida. Sai wani jan akwati ya buɗe a ƙasa da kanshi.

Sodangi ya karanta a zuci, ya cire tabarau, ya ce shi ba zai iya faɗa ba. Baffa ya ce ya faɗa. Ya mayar da tabarau.

“Baffa, ta ce ka wuce shekarun aiki. Ta ce da wuya in akwai sauran haƙori. Shawararta a ƙara maka dusa, a kai ka kasuwa kafin damina.”

Baffa Jaji ya taɓa bakinshi, ya ce maganar haƙori gaskiya ce. Sa'an nan ya tambaya ko ta faɗi kasuwar, Charanchi ko wata. Na ce Baffa wannan ƙaramin kuskure ne na saiti. Na danna wani suna don a wuce wurin, shi ma ja. Na danna wani, ja. Ashe duk wanda ya wuce shekarun firamare a zuriyar nan kasuwa ta nufa da shi. Daga bayan zana yayata Adda Hadijatu ta aiko a tambaya ko mata ma. Sodangi ya duba ya ce har da su, amma ita an ce a yi gaggawa.

A nan ne Abba na Kunduru ya miƙe. Ƙato ne, manomin gyaɗa, ba ya son dogon zance. Ya ce shi bai ga sunanshi a layin gidansu ba, a nemo shi. Na ce wannan mai sauƙi ne. Na rubuta sunanmu na yanka, ina jiran jerin takwarori ya sauko in zaɓo nashi.

Mutum ɗaya ya fito. Da hotona, da babbar riga ruwan toka, ina murmushi.

A ƙarƙashin hoton sunayen mata suka fara sauka. Na farko kakarmu. Sai kishiyoyinta, Allah ya jiƙansu. Sa'an nan Ummusalma. Sa'an nan matar Abba, da matan Magaji biyu, da ta Tsoho, da ta Dattijo, har da amaryar Mai Sunan Malam da aka kawo watan jiya. Limamin gidan yana ƙirgawa da yatsu, da ya wuce huɗu sai ya sauke hannu ya fara istigfari. Bayan zana ya kaure da magana, kowace tana son ta ce ba wannan ne nata ba, amma ba wadda za ta iya faɗin sunan, sai “mai sunan nan” da “wancan nawa” kake ji. A layin 'ya'ya kuwa rabin rumfar ne, tun daga Baffa Jaji har yaran da ke wasa da igiyar sa. A layin uba an rubuta sunan nan dai. Na haifi kaina.

Abba ya tako har bakin darduma, ya tambaye ni a hankali yadda aka yi iyalinshi ta koma ƙarƙashin hotona. Magaji da Tsoho suka taso suka tsaya bayanshi. Uban jariri Alhaji ya ce shi nashi ƙorafin daban ne, ɗanshi bai fara zama ba an ɗaura mashi aure da tsofaffi.

Wani a wurina zai rikice. Ni na gyara hula. Na ce jama'a a zauna, kwamfuta ba ta yi kuskure ba, al'adarmu ta bi. Me ya sa ake mayar da suna? Don a ce mai sunan ya dawo. Me ya sa matan gidan nan ba su faɗin sunana? Me ya sa Baffa da bakinshi yake ce mani Babana? Na'ura ta duba ta ga duk takwarorin Malam mutum ɗaya ne, ta kuma zaɓi fuskar da ta fi dacewa ta wakilce su. Saboda haka maganar darduma da tozo ma ta ƙare daga yau, don ba a raba uba da tozon gidanshi.

Na ga wasu suna gyaɗa kai. Wallahi na kusa tsallakewa.

Baffa Jaji ya ce magana ta yi ma'ana. Ya ce Sodangi ya duba mashi ɗan rubutun da ke ƙasan hoton, wanda aka ja ma layi. Sodangi ya duba. Ya ce an rubuta cewa wannan ya mutu, shekarar da aka ba mu jihar Katsina, kuma an cire shi daga garke.

Baffa ya ce haka ne, da hannunshi ya sa mahaifinshi a kabari. Ya juyo gare ni.

“Babana, shekara nawa kana ce mamu akwatin nan ba ya ƙarya. To yau ɗayan biyu ne. In ya yi ƙarya, ka ga riƙon salsala ya koma inda ya fito. In kau gaskiya ya faɗa, kai ne wannan. Wanne ka ɗauka?”

Na dubi Sodangi, ya riga ya fara murmushi, yana jiran in ce na'ura ta yi ƙarya a gaban mutanen da na yi shekaru ina gaya ma akasin haka. Na dubi hotona a talabijin. Gaskiya hoton ya yi kyau. Na ce kwamfuta ba ta ƙarya.

Baffa ya ce to alhamdu lillahi. Ya ɗaga hannu ya ce jama'a a yi ma mahaifinshi fatiha, Allah ya haskaka kabarinshi. Duk rumfa ta ɗaga hannu, bayan zana ma haka, kuma kowa ni yake kallo. Addu'a ce ga kakana, ba yadda zan yi in ƙi. Na ɗaga nawa, na shafa tare da su.

Da aka shafa, Baffa ya ce mamaci ba ya riƙon salsala, kuma ba ya cin tozo. Ya ce a miƙa tasar ga Sodangi. Ya ƙara da cewa a bar ni a darduma har a tashi, don ba a gaggawar ɗauke babba. Haka na zauna Sodangi ya karanto zuriya da ka, ya tsallake mutum uku da na sani, ba wanda ya gyara mashi. Da ya zo kaina ya ce Allah ya jiƙan rai, aka ce amin. Mutanen Rimaye suka fi kowa ɗaga murya.

Mai babur ɗin da ya dawo da ni Kankia, da na sauka sai ya ce Allah ya ba mu haƙuri. A teburin Audi an daina miƙo mani kofi sai an tambaya ko ana ganina. Na kai ma Bishir laftof, ba don na kasa ba, don dai in ba matasa dama. Ya zauna yini guda da baƙin allon nan, ya yi mashi fuska, ya ba kowane rai lamba tashi, ya buɗe gurbin laƙabi. Yanzu takwarorin Malam kowa yana gidanshi da iyalinshi. Na aika ma Baffa cewa an gyara, na dawo da rai. Ya aiko cewa ya ji, amma shi bai taɓa ganin an warware fatiha ba.

Washegarin taro Sodangi ya aiko ma Ummusalma da yankin tozo a ƙullin leda, wai gaisuwar rashi. Ta dafa shi da albasa da yaji, ƙamshi ya cika gida har soro. Na sauko na zauna inda na saba. Ta zuba ma yara, ta zuba ma kanta, ta ce ita ba za ta saɓa hukuncin Baffa ba, amma in ina so in tsaya kusa da tukunya, an ce ƙamshi yana isa.

Manhajar shanun ban goge ta ba. Na share kowa daga ciki, na bar Sodangi shi kaɗai, na sa mashi hoton da na ɗauke shi yana tauna. Kullum da safe in na kunna laftof sai jan akwatin nan ya buɗe, ya ce a kai shi kasuwa kafin damina. Na faɗa tun farko, kwamfuta ba ta ƙarya.